Ku ƙi saƙon shara tun a bakin ƙofa

Abokan aiki masu kula da sabar imel, ga wata matsala da nake yawan tararwa a wuraren da ake kira na gyara. Adireshi ɗaya tak, galibi na ma'aikacin da ya bar aiki ko wanda aka taɓa liƙawa a shafin intanet, sai masu tura saƙonnin shara su sa shi gaba dare da rana. Akwati ya cika, aiki ya yi nauyi.

Da yawa sukan bar sabar ta karɓi saƙon, daga baya ta mayar wa wanda ya aiko. Nan ɓarnar take. Masu shara ba sa rubuta adireshinsu na gaskiya, na wani bawan Allah suke ara. Sanarwar cewa saƙo bai isa ba a kansa za ta faɗa, shi da bai san hawa ba bai san sauka ba. In abin ya yawaita, sabarku ce za ta shiga jerin waɗanda ake toshewa, saƙonninku na gaskiya su fara dawowa.

A ƙa'idar SMTP, sabar da ta zo daga waje takan fara ambaton wanda ta kawo wa saƙo, da umarnin RCPT TO, kafin ta miƙa saƙon kansa. A wannan gaɓar ake ƙi. Idan Postfix kuke amfani da ita, manhajar da Wietse Venema ya fitar a 1998, ku buɗe fayil, ku rubuta adireshin, ku bi shi da REJECT. Ku wuce da fayil ɗin ta postmap, ku haɗa shi da check_recipient_access a cikin smtpd_recipient_restrictions, sannan ku sake loda Postfix. Mai aikowa zai samu lamba 554, wato an ƙi har abada. Kada ku sa 450, don ma'anarta a sake gwadawa, kuma za a yi ta dawowa kwana da kwanaki.

Sa DISCARD a madadin REJECT kam ba na son sa. Yana haɗiye saƙo shiru, har da na mutumin kirki da ya turo takardar neman aiki ko rasit, ya zauna yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Wanda aka ƙi a fili ya san ya nemi wata hanya.

Adireshin postmaster kuwa kada a taɓa shi. RFC 5321 ta 2008 ta wajabta karɓar saƙonsa. Bayan kun gama, ku aika gwaji daga waje, ku duba rajistar sabar. In kun ga layi mai NOQUEUE: reject ɗauke da adireshin nan, aiki ya yi.