Firizar Kawu da Sandar da Ke Bayan Shago

A hutun da ya wuce na koma gida Yelwa ta Yauri, na tarar kawuna ya ƙaro firiza ta biyu a shagonsa. Ƙanƙara yake sayar wa masu kifi da ke saye daga masunta a bakin tafkin Kainji, don haka ƙasan shagon kullum a jiƙe take. Kwana biyu da zuwana sai na ji ƙanwata ta ƙwalla ƙara. Ta ɗora hannu ɗaya a kan murfin firiza, ɗayan a kan famfon ƙarfe tana son wanke roba, ƙafarta ba takalmi. Allah ya sa wutar jefar da ita ta yi, ba riƙe ta ba.

Na ce, “Kawu, firizar nan tana ja.” Ya ce, “Haba ɗana, ai na yi mata atin. Je ka bayan shago ka gani, har gishiri da gawayi aka zuba.” Na je, ga sandar jan ƙarfe kuwa a kafe, ga waya ta shiga shago. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, domin da yawanmu a ajin lantarki irin fahimtar Kawu muke da ita: in dai an kafa sanda, an gama.

Abu biyu ne muke cakuɗawa. Atin shi ne haɗa jikin na'ura da ƙasa, ta wayar nan mai launin kore da rawaya. Bondin kuwa haɗa ƙarafan da mutum zai iya taɓawa ne da junansu: jikin firiza, bututun ruwa, ƙofar ƙarfe, jikin janareta, duka a kai su ga mahaɗa ɗaya a allon rarraba wuta. Wuta ba ta ratsa mutum sai in akwai bambancin volt tsakanin wurare biyu da ya taɓa. Ku dubi tsuntsun da ya sauka a kan wayar lantarki, bai san ma ana yi ba, don ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya. Ƙanwata kuwa ta zama gada tsakanin firizar da wuta ta ɓalle a cikinta da famfon da bututunsa ke binne a ƙasa.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, wanda duk ɗan ND1 zai iya. Wutar gidajenmu volt 230 ce. Mu ce sandar Kawu tana da tirjiyar om 20, wanda ma ba laifi. Idan wayar layif ta taɓa jikin firiza, dokar Ohm ta ce 230 a raba da 20, wato amfiya 11.5 ne zai bi ta ƙasa. To bireka ɗin da ke tsaron soket ɗin mai amfiya 32 ce. Me zai sa ta faɗi? A wurinta wannan bai ma kai abin da hita ɗaya da dutsen guga ke ja ba. Sai ta zauna abinta, jikin firiza kuma ya ci gaba da ɗauke da wuta yana jiran mai tsautsayi. Jikin mutum a jiƙe yana iya saukowa wajen om 1,000, ka ga miliamfiya 230 ke nan, alhali ƙasa da rabin wannan ya isa ya rikita bugun zuciya.

Kuma fa om 20 ɗin ba ta zama daram. Ƙasa mai damshi tana wuce da wuta, busasshiya tana tirjewa. Sandar da aka kafa da damina a Wara ta Ngaski ko a wani ƙauye na Shanga, aka auna ta yi kyau, in hunturu ya wuce bazara ta shigo, ƙasar ta bushe ƙayau, lissafin ya canza. Gishirin da masu wayarin ke zubawa yana rage tirjiyar da farko, gaskiya ne, amma ruwa yana wanke shi, kuma yana cin ƙarfen da maƙalar da ke riƙe wayar. Ni dai na fi yarda da a zurfafa sandar ta kai inda damshi ba ya yankewa, ko a ƙara wata a ɗan nesa a haɗa su, sannan a riƙa aunawa da rani.

Abin da ke rufe wannan giɓi shi ne RCD, wadda wasu ke kira ELCB. Ita ba ruwanta da yawan lodi. Tana gwada wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural ne, in ta ga miliamfiya 30 ya ɓace a hanya, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Da ita, sanda mai om 20 ta isa har da rara, domin amfiya 11.5 ya ninka abin da take jira ɗaruruwan sau.

Da na buɗe kayan Kawu ma sai na ga abin ya fi haka muni. Sabuwar firizar a kan wayar ƙari mai igiya biyu aka jona ta, irin mai arahar nan, kuma an karya haƙori na uku na fulogin don ya shiga. Wato sandar da yake alfahari da ita ba ta ma san da zaman firizar ba. Wannan karya haƙorin kuwa, mu faɗi gaskiya, a ɗakunanmu na hostel ma muna yi, musamman a kan hita da dutsen guga, a wurin da ake shiga da jiƙaƙƙun ƙafafu daga banɗaki.

Janareta kuma wata magana ce. Ƙananan janareta da yawa nutural ɗinsu ba a haɗe yake da jikinsu ba, don haka RCD tana iya ƙin faɗuwa in an koma kansu. Wannan haɗi ba na kowa ba ne, a tambayi malami ko ƙwararre kafin a taɓa, domin ya danganta da irin canjoba ɗin da ke gidan.

Mun sayi waya mai igiya uku da sabon fulogi, muka ja kore-da-rawaya daga famfon da ƙofar zuwa mahaɗar atin, aka kira mai wayarin ya sa RCD. Kawu ya yi ta mitar kuɗi har sai da na danna ɗan maɓallin gwaji mai harafin T, wutar shagon ta ɗauke gaba ɗaya. Ya ce, “To, wannan fa sau nawa zan riƙa dannawa?” Na ce duk bayan wata uku, kuma in ta faɗi da kanta kada ya sa a tsallake ta, ya nemo abin da ya faɗar da ita. Ya ɗauki alli ya rubuta watan a jikin bango.