Shaƙuwa Bayan Aikin Rage Tumbi

Jama'a, kowa ya san shaƙuwa. Yaro yana yi, babba yana yi. Takan zo, ta wuce, mu manta da ita. Amma akwai wanda ba a raina tasa shaƙuwar, watau mutumin da likita ya yi wa aikin rage tumbi. Yau shi za mu karanta.

Ƙiba in ta yi yawa cuta ce. Takan jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. In rage abinci da magani sun kāsa, likita yakan yi wa mutum aiki. Wani a yanke masa wajen kashi uku cikin huɗu na tumbinsa, saura ya zama siriri kamar ayaba. Wani kuwa a ɗinke masa 'yar jaka kamar ƙwan kaza, a haɗa ta da hanji. Wani likita a Amurka, Edward Mason, shi ya fara irin wannan na biyu a 1966.

To, mece ce shaƙuwa? Tsakanin ƙirji da ciki akwai wata tsoka mai faɗi kamar faifai. Da ita muke jan numfashi. In wani abu ya tsokane ta, sai ta zabura. Iska ta shigo da ƙarfi, bakin maƙogwaro ya rufe farat ɗaya. Ƙarar da muke ji ke nan.

Tumbi yana dab da ƙarƙashin wannan tsoka. Tulu babba yakan ɗauki guga da yawa, amma 'yar buta nan da nan ta cika. Haka tumbin da aka rage yake. Loma kaɗan ta cika shi, ya kumbura, ya taɓa jijiyoyin wurin. Sai shaƙuwa. Sau da yawa ita ce alamar ya ƙoshi, ya tsame hannu.

Ga abin da mai wannan aiki zai kiyaye:

1. Ya bi abincin da likita ya tsara masa. Da fari ruwa-ruwa, sa'an nan mai laushi, daga baya mai tauri.
2. Ya yi ƙananan loma, ya tauna sosai. Cin abinci ya ɗauke shi minti 20 zuwa 30.
3. Kada ya haɗa ci da sha. Ya bar wajen minti 30 tsakaninsu.
4. Ya bar lemon kwalba mai gas, da zuƙar ruwa ta tsinke, da cingam. Duk suna cusa iska a ciki.
5. Ya guji abu mai zafi ƙwarai, da yaji mai yawa.
6. Ya ci a zaune, kada ya kwanta da gama ci, domin ƙwannafi ma yana tā da shaƙuwa.

Mu kuma 'yan gida muna da namu aikin. Mun saba ce wa baƙo, "Ƙara mana, ai ba ka ci kome ba." Wannan mutum kada mu matsa masa. In muna ci akushi ɗaya, mu zuba masa nasa daban, don kada ya yi gaggawar kamo mu. Sannu ba ta hana zuwa.

In shaƙuwar ta zo fa? Ya daina ci. Ya zauna sosai, ya riƙe numfashi kaɗan, ya sake shi a hankali. Ya kurɓi ruwa kaɗan kaɗan. Mun saba ba mai shaƙuwa ruwa cike da moɗa ya kwankwaɗe. Ga wannan mutum kuskure ne, tumbinsa ba zai ɗauka ba, sai amai. Kada kuma a ba shi kanwa ko jiƙo ko ƙwaya sai da sanin likitansa.

Yanzu ga babban abin da muke so ku riƙe. Shaƙuwar da ta wuce kwana 2 ba ta tsaya ba, a gaya wa likita. In kuwa ta zo da zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi da ƙyar, ko amai ba tsayawa, to kada a jira gari ya waye. Watakila ɗinkin ne yake yoyo a ciki, wannan kuwa yana kisa. An fi ganin haka a makonnin farko bayan aikin. A nemi mota a kai shi asibiti, a tafi da takardarsa ta sallama, a faɗa wa ma'aikata irin aikin da aka yi masa da ranar da aka yi.

Kun ga amfanin karatu. Wanda ya iya karanta takardar asibiti ya iya ceton ɗan'uwansa.

Tambayoyi

1. Me ke kawo shaƙuwa?
2. Don me ba a haɗa ci da sha?
3. Faɗi alamu uku da za su sa a tafi asibiti nan take.

Rubutu

Ku rubuta wannan sau uku: Ƙaramar loma, tauna da kyau, ruwa daga baya.