Kanta Marar Ƙafa: Yadda Na Kewaye Ɗakina Da Ita

Daminar bara ruwa ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa cikin dare, a ɗakin da muke haya mu biyu a bayan makaranta. Da asuba na tarar da handawut ɗina na samista biyu sun zama kamar kunu, domin a ƙasa suke cikin kwali, kusa da risho da buhun garin kwaki. Ɗakin mita 3 ne a kan mita 3. Katifa biyu sun cinye ƙasan, amma bango huɗu na nan fayau, ba komai a jikinsu sai kalanda. Daga nan na fara tunanin kanta irin wadda ake mannawa a bango ba a ganin ƙafarta ko ƙarfen da ya tallafe ta.

Ta farko da na yi kwana tara ta yi ta faɗo. Kusoshin kankare na buga, na ɗora katako mai faɗin santimita 35, na jera littattafai. Allah ya taimaka abokin zamana ya tafi masallaci, don daidai kan matashinsa ta sauka.

Laifin na lissafi ne, kuma lissafin da muka yi tun ND1. Kanta marar ƙafa tana aiki kamar ƙarfen ɓanɓare kusa: nauyin da ke bakinta yana fizgo abin da ya riƙe ta daga cikin bango. Idan ka ɗora kilo 10 a nisan santimita 20 daga bango, kaurin kantar kuma santimita 5 ne, jan da sukurorin ke sha ya kai aƙalla na kilo 40. Kilo 10 kuwa rim huɗu ne kacal na takardar A4, tunda kowane rim wajen kilo biyu da rabi ne. Shi ya sa yanzu ba na wuce faɗin santimita 20, kuma manyan littattafai can ciki nake tura su su jingina da bango.

Abu na biyu shi ne bangon kansa. Bulon da ake gina mana ɗakuna, inci 6 ko inci 9, cikinsa rami ne. Tsawonsa santimita 45, kuma wurin da yake da tauri shi ne gefunansa biyu da tsakiyarsa. In kana hudawa da dirila ka ji ta zurma fuu lokaci ɗaya, rami ka faɗa, ka matsa gefe kaɗan ka sake. Wani bulon kuma yashi ya fi siminti yawa, da farce ma sai ka kankare shi. In naka irin wannan ne, gaskiya ka haƙura da littattafai, ka ɗora hula da man shafawa.

Ga yadda na yi ta biyun. Na sayi katakon tu-bai-tu busasshe, kafinta ya haɗa min shi kamar matajin kai: dogo ɗaya da zai kwanta a jikin bango, da gajerun hannuwa masu santimita 15 suna fitowa daga jikinsa, tazarar santimita 40 tsakaninsu, da gam da sukuru. Wannan matajin ake ɗaurewa a bango. Na yi amfani da fisha mai milimita 10, bakin dirila ma 10, da sukuru inci 5, saboda sai ya ratsa katako, ya ratsa fulasta, sannan ya kama bulo. Gajeren sukuru fulasta kawai yake riƙewa, ita kuwa ba ta da amana. Bayan nan sai a rufe sama da filawud rabin inci, ƙasa da siriri, baki da ɗan falle. Filawud guda mai ƙafa 4 a kan ƙafa 8 yana ba da tsaga shida masu faɗin santimita 20, ya isa saman bango uku har da saura.

Tunda kewaye ɗakin za ka yi, kada ka auna tsayi daga ƙasa. Daɓen ɗakunan hayar nan ba a miƙe yake ba, sai ka zo kusurwa ka ga kanta biyu sun ƙi gaisawa. Dabarar magina na ara: siririn tiyo mai garai-garai, a cika shi da ruwa ba kumfa, ɗaya ya riƙe baki a alamar farko, ɗaya ya zaga da ɗayan bakin yana sa alama inda ruwan ya tsaya. Kusurwa ma da wuya ka same ta digiri 90 cif, don haka a ɗakin za ka yi yankan ƙarshe, ba a shagon kafinta ba. Amma ita ce wuri mafi ƙarfi, don kowace kanta tana dafa 'yar'uwarta. A nan na ajiye firinta.

Ka kula da wayar lantarki. Yawanci a miƙe take hawa ko sauka daga soket da makunni, saboda haka kada ka huda daidai samansu ko ƙasansu. Kuma kada "ai an ɗauke wuta" ya ruɗe ka, ba sa sallama in za su dawo da ita.

Ni na sa tawa a tsayin mita 1.9, sama da kai, banda ta kan tebur. Bangon da katifa take kuwa na bar shi ba kanta, na koyi darasi.

'Yan hostal, ku tambayi hukuma kafin ku taɓa bango. Mu na waje kuma mai gida. Nawa da farko cewa ya yi sam, sai da na yi masa alkawarin zan bar masa kantocin in na gama, ko in toshe ramukan da siminti in shafa fenti. Ya zo ya duba, ya danna ɗaya da hannu da ƙarfi, ya ce in bar su.