Sarki Asa: Yaƙi Biyu, Madogara Biyu

Karatu: 2 Tarihi, sura 14 da sura 16.

'Yan'uwa, labarin Asa sarkin Yahuda ya ƙunshi yaƙi biyu. A na fari ya yi nasara, Allah kuwa ya ji daɗinsa. A na biyu ma ya sami abin da ya ke so, amma Allah ya aiko masa da tsautawa. Sai mu bincika dalili.

Sa'ad da Zera mutumin Kush ya hauro har Maresha, yana da mayaƙa zambar dubu da karusai 300. Asa kuwa yana da mutum 300,000 daga Yahuda, da 280,000 daga Biliyaminu. Ya ga ba su isa ba. Ya yi kuka ga Ubangiji, ya shaida cewa ba su da abin jingina sai shi, Ubangiji kuwa ya fatattaki Kushawa a gabansa. Addu'a ce mai kyau, amma kada mu cika yabon Asa a kanta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Yawancinmu mun iya addu'a ran da dabara ta ƙare.

Gwaji mai wuya ya zo a shekara ta 36 ta sarautarsa. Ba'asha sarkin Isra'ila ya soma gina Rama, wajen mil biyar arewa da Urushalima, domin ya tare hanyar shiga da fita. Wannan magabci bai kai Zera ba ko kusa. Asa kuwa yanzu ya ƙasaita, taskarsa cike ta ke, ya kuma san sha'anin sarakuna. Ba mu karanta ya yi addu'a ba. Ya kwashi azurfa da zinariya daga taskar Haikali da ta fada, ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya a Dimashƙu, domin ya warware alkawarinsa da Ba'asha. Ben-hadad ya yarda, ya faɗa wa garuruwan arewacin Isra'ila. Ba'asha ya bar gini, Asa ya kwashe duwatsu da katakon Rama ya gina Geba da Mizfa da su.

Ku lura, dabarar ta ci. Da muna Urushalima a ran nan, da mun ce sarki ya yi hikima. Amma Hanani maigani ya zo ya tuna masa da Kushawa, ya gaya masa ya yi wauta, gama ya jingina ga sarkin Suriya ya bar Allahnsa, wanda kullum ya ke neman masu zuciya ɗaya domin ya ƙarfafa su. Asa ya husata, ya jefa Hanani a kurkuku, har ya tsananta wa waɗansu talakawa.

A nan ne labarin ya ke taɓa mu. Mai bi wanda rumbunsa ya cika, ko ya sami albashi, ko yana da ɗan'uwa babba a ofis, ya kan shirya al'amuransa duka tukuna, kāna ya roƙi Allah ya sa albarka. Ikilisiya ma ta kan yi haka: kwamiti ya zauna awa uku a kan kuɗin gini, addu'a kuwa minti biyu. Wani kuma ya kan taɓa zakarsa domin ya sayi gata wurin mutum, kamar yadda Asa ya taɓa kayan Haikali. Abin ya kan yi kyau a ido, shi ya sa ba mu gane mun kauce ba.

A shekara ta 39 ciwon ƙafa mai tsanani ya kama Asa, ya nemi masu magani, bai nemi Ubangiji ba. Kada wani ya ce an hana zuwa asibiti ke nan. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Laifin Asa shi ne ya riga ya saba da biyan bukatarsa ba tare da Allah ba. Ya mutu a shekara ta 41 ta sarautarsa.

Domin tattaunawa: Me ya sa Asa ya ji zafin maganar Hanani haka? Wane ne Ben-hadad ɗinmu a wannan ikilisiya, me kuma mu ke ba shi?