Kalmar "Abdomen": Asalinta, Ma'anarta da Abin da Ta Ƙunsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano a lokacin isowar jirgin Legas ya san yadda harsuna kan cakuɗe a wurin. Titin dogo ya iso Kano a shekarar 1911, kuma shi ne ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda aka tsugunar a Sabon Gari, maƙwabciyar Fagge, tun daga wajejen 1913. To, a ce fasinjoji uku sun sauko suna dafe da wuri ɗaya a jikinsu. Bahaushe zai ce "ciki", Bayarabe ya ce "inu", Ibo kuma ya ce "afo". Amma idan aka kai su asibiti, kalma ɗaya likita zai rubuta a katin kowannensu, wato abdomen. Ɗalibai na haɗuwa da wannan kalma tun a ƙaramar sakandare, sai dai da yawa kan haddace ta ne kawai. A wannan darasi za mu duba inda ta samo asali, da iyakar abin da take nufi, da kuma dalilin da ya sa bai kamata a rikita ta da tumbi ba.

Asalin kalmar

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce. Aro ta aka yi daga Latin, harshen Rumawan dā, kuma ta shiga littattafan likitanci na Ingilishi a ƙarni na 16. A farkon al'amari ma kalmar mahauta ce da masu girki. Marubucin wasan kwaikwayo Filotus, wanda ya rasu a shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya ambace ta cikin jerin yankan naman alade, yana nufin ɓangaren ciki mai kitse. Filini Babba, masanin halittu na ƙarni na 1 Miladiyya, ya yi amfani da ita ga cikin wani babban kifin teku da Rumawa ke marmari. Shi kuwa Sisero, mashahurin mai jawabi, da ita yake zambo ga acici, mutumin da ba ya bautar komai sai cikinsa. Selsus, marubucin littafin De Medicina a ƙarni na 1, yana cikin waɗanda suka ba ta ma'anar da muka sani a yau: ya bayyana ta a matsayin sashen da ya tashi daga mara zuwa gindin haƙarƙari, fata ta rufe shi ta waje, tantani mai santsi ya lulluɓe shi ta ciki.

Masana harshe sun yi saɓani a kan tushen kalmar, amma bayanin da ya fi shahara shi ne ta fito daga aikatau abdere, mai ma'anar "ɓoyewa". Ke nan abdomen shi ne maɓoya, wurin da aka adana kayan da ido ba ya gani.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. A Hausa kalma ɗaya ce ke nufin sashen jiki da kuma abin da ba ya waje: cikin mutum, cikin ɗaki, cikin tarago. A nan muke ajiye farin ciki da baƙin ciki, kuma idan ana so a ja kunnen mai sakin baki sai a ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A Larabci ma "baɗnu", wato ciki, tushensa ɗaya da "baɗini", kishiyar zahiri. Haka nan "inu" ta Yarbanci tana ɗauke da ma'anonin biyu. Al'ummu masu nisa da juna sun dubi wannan sashe na jiki, duk suka ga rumbu ne rufaffe.

Me ya sa kimiyya ta riƙe Latin?

Mu koma tasha. Tsohon layin dogo daga Legas zuwa Kano, mai tsawon fiye da kilomita 1,100, faɗinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, wato milimita 1,067. Wannan ne ya sa taragon da aka loda wa gyaɗa ko fatu a Kano yake isa bakin teku ba tare da an sauke kaya a hanya ba. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, don haka tsohon tarago ba zai hau shi ba. Ilimi ma haka yake: sai an yarda da ma'auni ɗaya kafin ya yi tafiya.

Latin ne harshen malaman Turai na ƙarnoni masu yawa. Da shi Andariyas Basaliyas ya wallafa babban littafinsa kan ƙirar jikin ɗan Adam a 1543. Da sunaye suka yi yawa har gaɓa ɗaya ta sami laƙabi barkatai, sai masana suka taru a birnin Basel na Suwizalan a 1895 suka daidaita su. Jerin da aka fitar a 1998, mai suna Terminologia Anatomica, shi ma a kan Latin aka gina shi. Da yake babu al'ummar da ke magana da shi a gida ko a kasuwa, ma'anar kalmominsa ba ta saurin gurɓata.

Iyakokin ciki da kayan da ke cikinsa

A ilimin halittu, abdomen shi ne kogon da ke tsakanin ƙirji da ƙugu. Rufinsa wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce mai siffar ƙwarya a kife, wadda ta raba shi da huhu da zuciya, kuma da ita muke jan numfashi. Ta baya akwai ƙashin baya, ta gaba da gefe kuwa tsokoki ne kawai. Domin sauƙin bayani, likitoci kan ja layi biyu da suka gicciye a kan cibiya, su raba shi gida huɗu:

1. Sama ta dama: hanta, mai nauyin kusan kilo 1.5 a jikin baligi, da matsarmama a ƙarƙashinta.
2. Sama ta hagu: tumbi da saifa.
3. Ƙasa ta dama: mahaɗar ƙaramin hanji da babba, inda wani ɗan reshe mai kama da yatsa, wato afendis, yake maƙale.
4. Ƙasa ta hagu: ƙarshen babban hanji.

Ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, yana naɗe a tsakiya, babban hanji mai kusan mita 1.5 ya kewaye shi. Ƙoda biyu suna can baya, kusa da kwiɓi.

A nan ne ɗalibai da dama kan faɗi a jarrabawa. Tumbi jaka ce guda ɗaya da abinci ke sauka cikinta daga maƙoshi. Abdomen kuwa shi ne ɗakin da ya ƙunshi jakar da sauran 'yan'uwanta. Kowane mai balangu a Fagge ya san wannan bambanci, domin in ka nemi kayan ciki sai ya tambaye ka: tumbi, ko hanta, ko ƙoda?

Amfanin sanin wurin

Wannan ilimi bai tsaya ga cin jarrabawa ba. A ɗauki misalin ɗan dako da ciwo ya kama a kewayen cibiya da safe, zuwa dare ya koma ƙasa ta dama, ga zazzaɓi ga amai. Idan ya ce "ciwon ciki ne kawai" ya kama shan kanwa ko jiƙo, yana iya ɓata kwanakin da afendis ɗinsa zai kumbura har ya fashe, dauɗa ta malale cikin tantanin nan da Selsus ya ambata. Wannan kan yi kisa in ba a yi aiki da gaggawa ba. Zazzaɓin taifot da aka yi sakaci da shi ma kan huda ƙaramin hanji. Gyambon ciki kuwa a sama yake yi wa mutum zugi, ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Saboda haka mai jinya da ya iya nuna inda ciwo ya fara da inda ya koma ya rage wa likita rabin aiki. Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, musamman in ciki ya ƙage ya yi tauri, na asibiti ne nan take.

Aikin aji

Kalmar ba ta mutum kaɗai ba ce. Jikin ƙwaro kashi uku ne: kai, da ƙirji, da ciki. Malami ya sa ɗalibai su kawo fara, su lura cewa ƙafafu shida da fukafukai duk a ƙirji suke, ciki kuwa gaɓa-gaɓa ne, da 'yan ƙofofin numfashi a gefensa. Su tuna da macen sauro da ta sha jini ta kumbura ta yi ja, da kuma ƙarin kudan zuma da ke can ƙarshen jikinsa. Daga nan kowane ɗalibi ya zana cikin mutum, ya raba shi huɗu, ya rubuta sunan kowace gaɓa da Hausa a mazauninta.

Kammalawa

Mun ga yadda kalmar da ta tashi daga teburin mahauta a Rum ta zama sunan da likitocin duniya suka yarda da shi, da yadda ma'anarta ta dace da ta "ciki" a harshenmu. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne: tumbi daban, ciki daban, kuma kowace gaɓa tana da gurbinta.

Tambayoyi

1. Wace ma'ana ce abdomen, da ciki, da baɗnu suka yi tarayya a kanta?
2. Kawo gaɓoɓi biyu da ke sama ta dama.
3. A wane sashen jikin fara ƙafafunta suke?