Mai Juna Biyu da Hawan Dutse

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da kan taso a ɗakin awo, musamman gab da azumi da lokacin bukukuwa. Wata maigida ne ya biya mata Umra, tana kuma da burin ta hau dutse ta ga Kogon Hira da idonta. Wata biki ne ya taso a Jos, ko kuwa mijinta yana fatauci a Gembu, can kan tsaunin Mambila, ya aiko ta je. Wata ma ba nisa za ta yi ba, ƙawaye ne suka shirya hawan Dutsen Kufena a Zariya. Tambayarsu ɗaya ce: "Da cikin nan, zan iya?"

Ga amsar a taƙaice. Tafiyar ƙafa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana da amfani gare ki. Hawan dutse mai cin awoyi ko yini guda kuwa, ki ɗage shi sai kin haihu kin warware. Zuwa gari mai tudu a mota yana yiwuwa, amma sai an auna jininki tukuna. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Yadda iska take a saman tudu

Ana auna tudun wuri ne daga bakin teku. Yankinmu na Ɗandamisa, Maƙarfi, Ikara da Kudan yana sama da teku da mita 600 da wani abu, kuma yawancinsa fili ne na gonaki da fadamun rake. Jos tana kan mita 1,200. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya kai wajen mita 1,600. Dutsen Chappal Waddi, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Duk yadda mutum ya ƙara yin sama, iska tana ƙara yin shara-shara, sai iskar oksijin da yake samu a kowane numfashi ta ragu. A mita 2,500, abin da huhu ke samu bai wuce kashi uku cikin huɗu na abin da yake samu a bakin teku ba. Daga wajen wannan tsawo ne ciwon tudu kan fara kama baƙi: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin barci, yawanci awa 6 zuwa 12 bayan isa. Sanyi ma yana ƙaruwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000.

Jariri ma yana jin wannan ragi, domin ta jinin uwa yake numfashi. A ƙasashe masu tuddai, irin su Bolibiya wadda birninta La Paz ke kan mita 3,600, an lura cewa nauyin jarirai yana raguwa da kimanin giram 100 a kowace mita 1,000, kuma hawan jinin masu ciki ya fi yawa a can.

Aikin da jikinki yake yi tun kina zaune

Ko ba ki ɗaga ƙafa ba, jikinki yana cikin aiki. Jinin da ke gudana a jijiyoyinki yana ƙaruwa da kusan rabi kafin ƙarshen ciki. Bugun zuciyarki yana ƙaruwa da 10 zuwa 20 a minti ɗaya. Oksijin da kike buƙata ya ɗara na da da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa kike haki a ɗan aikin da a baya ba kya ko jin sa.

Ban da wannan, gaɓoɓinki suna saki domin shirin haihuwa, nauyin ciki kuma yana rinjayar ki gaba. Daga wata na shida ba kya ganin inda kike ajiye ƙafa sosai. A kan dutse mai santsi ko tsakuwa, wannan kaɗai ya isa ya kayar da ke, kuma an fi faɗuwa wajen saukowa, lokacin da gwiwa ta riga ta gaji. Faɗuwa a kan ciki na iya sa mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa, jini ya tsinke, ran uwa da na ɗa su shiga haɗari.

Ƙarancin jini shi ne babbar matsalarmu

Abin da ke ɗaukar oksijin daga huhu zuwa mahaifa shi ne jajayen ƙwayoyin jini. Idan sun yi ƙaranci, iskar da ta ishi wata ba za ta ishe ki ba. Mata da yawa a ƙauyukanmu suna shiga ciki da ƙarancin jini saboda zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa da kusa da kuma rashin abinci mai gina jini. Irin wannan mace tana iya surfe da daka a gida tana lallaɓawa, amma da ta haɗu da hawa sai zuciya ta gaza.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki tana da ƙarancin jini idan awon jininta bai kai giram 11 ba, wato kusan 33 a awon da kike ji ana kira PCV. Idan ya gaza giram 7, abin ya yi tsanani, sai an kwantar da ita. Duba tafin hannu ko cikin ido ba ya wadatarwa. Ki tambayi ma'aikaciyar awo adadin jininki, ki sa ta rubuta a katinki. Ki riƙa shan maganin ƙarin jini kullum, ki karɓi maganin riga-kafin zazzaɓi da ake fara bayarwa bayan ciki ya cika wata uku, ki kwana cikin gidan sauro. Zogale, alayyafo, wake, hanta, ƙwai da kifi su yawaita a tukunyarki. Shayi kuwa yana hana jiki tsotsar maganin, don haka kada ki haɗa su lokaci ɗaya.

Mai ciwon sikila ta fi kowa buƙatar kiyayewa. Ƙarancin oksijin, sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, kuma ukun nan a saman tudu suke haɗuwa.

Wuraren da aka fi tambaya a kansu

Jos da Mambila: tudunsu bai kai inda ciwon tudu ke farawa ba. Likitocin mata a Amurka sun nuna cewa mai lafiyayyen ciki tana iya motsa jiki har zuwa mita 1,800. Abin dubawa a tafiyar Gembu shi ne nisan hanya. Bayan an wuce Jalingo da Bali da Serti, mota tana hawa ne ta hanya mai kwana-kwana, kuma idan jini ya ɓalle a tsakani, asibitin da zai iya tiyata da ƙarin jini ba kusa yake ba. Idan kin isa, ki huta kwana biyu ko uku kafin ki kama aiki mai nauyi, ki kuma tafi da rigunan sanyi.

Dutsen Kufena da sauran duwatsun gida: iskarsu ɗaya da ta gari. Haɗarinsu zamewa ne da zafin rana. Ki zauna a gindin dutse cikin inuwa, masu hawa su hau su dawo su same ki.

Kogon Hira: ƙololuwar dutsen wajen mita 640 ce, kusan daidai da tudun Zariya, saboda haka iskar wurin ba ta da matsala. Wahalarsa miƙewar hawan ce, wadda kan ci awa ɗaya zuwa biyu, ga cunkoso a matsattsun wurare, ga zafi. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50, mutane fiye da 1,300 suka rasu. Hawan wannan dutse ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, kuma malaminku zai tabbatar miki da haka. Ko Safa da Marwa, da suke tafiyar fiye da kilomita 3, an tanadi keken turawa ga mai uzuri. Ki sani kuma Hukumar Alhazai ta Ƙasa tana yin gwajin ciki, ba ta barin mai ciki ta tafi Hajji. Kada a ɓoye ciki don gudun asarar kujera.

Cikin jirgin sama, iskar da ake shaƙa daidai take da ta mita 1,800 zuwa 2,400. Mai lafiya ba ta jin komai, amma mai ƙarancin jini sosai ko mai sikila sai likita ya amince. Yawancin kamfanonin jirage ba sa ɗaukar wadda cikinta ya wuce mako 36.

Waɗanda bai kamata su yi irin wannan tafiya ba

1. Mai ƙarancin jini, har sai jinin ya dawo daidai.
2. Mai sikila, ciwon zuciya ko asma mai yawan tashi.
3. Mai hawan jini, ko wadda ta taɓa jijjiga a wani ciki.
4. Wadda ta ga jini a wannan ciki, ko hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa.
5. Mai cikin tagwaye, ko wadda aka ce jaririnta ba ya girma yadda ya kamata.
6. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko ta yi ɓari a jere.

Idan tafiyar ta zama dole

Ki zo awo tukuna a duba jini, hawan jini da kwanciyar jariri. Tsakiyar ciki, daga wata na huɗu zuwa na shida, ya fi dacewa da tafiya. Ki riƙe katin awo da magungunanki a jakar hannu. A mota, a tsaya bayan kowace awa biyu ki taka, domin dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Inda sai an taka da ƙafa, ki fita da sanyin safiya, ki sa takalmi maras tsini mai riƙe ƙafa, ki ba wani kaya ya ɗauka. Ki sha ruwa a kai a kai tun kafin ƙishirwa ta zo. Idan fitsari ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Ga ma'auni mai sauƙi: muddin kina iya hira kina tafiya, saurin ya yi daidai. Da zarar haki ya hana ki magana, ki tsaya.

Kada ki sayi maganin ciwon jiki ko na ciwon tudu a kemis. Wasu daga cikinsu, kamar diclofenac da ibuprofen, suna cutar da jariri, musamman a ƙarshen ciki.

Alamomin da ba a jira da su

Ki dakatar da tafiya a nufi asibiti mafi kusa idan kin ga jini ko faya ta fashe, ko mara tana ɗaurewa tana saki a kai a kai, ko jariri ya rage motsi. Haka nan idan haki bai lafa ba bayan kin huta, ko ƙirji yana ciwo, ko kin suma, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi. Idan kin faɗi a kan ciki, a duba ki ko da ba ki ga jini ba, domin yana iya taruwa a ciki.

Ki kula da wannan da kyau: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi da kumburin fuska ko hannu, kada a ce gajiyar hanya ce ko canjin iska. Bayan wata na biyar, waɗannan alamomin hawan jini ne mai kai wa ga jijjiga, har sai awo ya nuna ba haka ba.

Ga maigida da iyaye

Malam, matarka na iya jin nauyin ce maka ba za ta iya ba, musamman idan ka riga ka kashe kuɗi. Kai ne za ka sauƙaƙa mata. Ka raka ta awo ka ji bayanin da kunnenka, ka san rukunin jininta da wanda zai iya ba ta jini, ka ware kuɗin mota na ko-ta-kwana. Inna da Gwaggo, idan an ce ta zauna, a taya ta ba dangi haƙuri. A gida ma, ɗaukar dakon itace ko kai abinci gona mai nisa da tsakar rana, a ɗora wa wani.

Wannan ba yana nufin ki kwanta ba ne, 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa mai lafiyayyen ciki ta motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar minti 30 da safe ko da yamma, kwana biyar a mako, ta cika wannan adadi. Tana rage ciwon baya da kumburin ciki, tana gyara barci, tana kuma taimakawa wajen kare ki daga ciwon sukari na masu ciki. Tun 2016 hukumar ta ce a je awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Ki fara a asibitin shan magani na kusa da ke. Idan sun ga abin da ya fi ƙarfinsu za su tura ki babban asibitin Maƙarfi ko na Ikara, ko kuwa Asibitin Koyarwa da ke Shika.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a samu.