Motar gazuwal ta rasa ƙarfi da hunturu: abin da za mu duba kafin mu kashe kuɗi

Iyalai da dama a cikinmu, a nan Zango da Gbégamey, da a-kori-kura guda suke ci. Wasu haɗa kuɗi suka yi suka saya, wasu kuma 'ya'yansu ne direbobi ko yaran mota, suna ɗaukar kaya daga kasuwar Dantokpa ko bakin tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ranar da motar ta kwana a gareji, ranar tukunya ba ta hau wuta ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa kukan direbobi iri ɗaya ne: mota ba ta tashi da asuba, ga hayaƙi, in an taka totur ba ta ja.

Sanyin namu bai kai ya daskarar da mai ba

A Turai da Kanada gazuwal kan yi kauri ya toshe filta idan sanyi ya kusa kai inda ruwa ke zama ƙanƙara. Wanda ya yi tuƙi a hamadar Agadas ma ya san irin wannan dare. A Kwatano da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Ko a hanyar arewa, ta Paraku da Kandi har Malanbil, inda asubar hunturu ke da cizo, sanyin bai kai can ba. Saboda haka duk wanda ya ce mana mai ya daskare, mu nemi dalili a wani wuri. A nan abu uku ne suka fi kawo matsalar: ƙura, ruwa a cikin mai, da batir mai rauni.

Injin gazuwal ba ya aiki da tartsatsi kamar na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi fiye da digiri 500, sannan ya fesa mai ya kama da kansa. Yana bukatar iska mai yawa, mai mai tsabta, da zafi. Da ɗaya ya ragu, ƙarfi ya ragu.

Mu fara da kallon hayaƙi

Baƙin hayaƙi: iska ba ta isa. Farin hayaƙi da safe wanda ke ɓacewa bayan mintoci kaɗan: injin ne bai ɗumama ba, ko hita ta mutu. Farin hayaƙin da ba ya yankewa: a zargi ruwa, a mai ko a cikin injin. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi: injin na cin baƙin mai, wannan aikin makanike ne.

1. Filtar iska

Ita ce ta farko, kuma dubata kyauta ne. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, tana cika filta cikin 'yan kwanaki, musamman ga mai zuwa arewa. A kashe injin, a ciro ta, a kakkaɓe a hankali. In za a hura mata iska, daga ciki zuwa waje ake hurawa. A ɗaga ta a rana: in haske ya ɓullo ta wani rami, ta gama aiki, a sake sabuwa. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa. Kada kuma a cire ta a yi tafiya haka don mota ta ja. Ƙurar da ta shiga injin tana cinye shi kamar sanfefa, kuma kuɗin gyaran ya ninka na filta sau da yawa.

2. Ruwa da datti a cikin mai

Kwatano bakin teku ne, iskarta da damshi. Tankin da ya kwana rabi, iskar da ke cikinsa kan yi raɓa da sanyin dare, ruwan ya gangara cikin mai. Gazuwal ɗin jarka na bakin hanya ma sau da yawa da ruwansa da dattinsa yake zuwa. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, ƙasa yake kwanciya. Motoci irin su Hilux suna da wurin tara shi a gindin filtar mai, da fitilar gargaɗi a gaban direba. A sa kwalba a ƙasa, a sassauta makunnin gindin, a danna famfon hannu da ke saman filtar har mai zalla ya fara fita, a ɗaure, a ci gaba da dannawa har famfon ya yi tauri. Idan mota na tafiya lafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma ta shaƙe a hawa ko da lodi, filtar mai ta toshe, a canza ta. In dole ta sa an sayi man jarka, a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya kwanta a gani, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta.

3. Batir da hita

Sanyi na rage ƙarfin batir, daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri injin ke wuyar juyawa. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe. A kankare farin gishirin da ke kan kawunansa, a ɗaure su tam. Wajen tayarwa, a murɗa makulli a jira fitilar hita ta mutu tukuna. In bai tashi ba cikin daƙiƙa goma, a saki, a huta kamar rabin minti, a sake.

Akwai kuma tamostat, wanda wasu ke cirewa da bazara don tsoron zafin injin. Ba tare da shi ba injin ba ya kai zafin aikinsa da safe, sai ya sha mai da yawa ya ba da ƙarfi kaɗan. Mu tambayi makanike ko namu yana nan.

Abubuwan da ke kashe mota, har da mutum

Kada a hura wuta ko a sa garwashi a ƙarƙashin tanki don ɗumama shi. Kada a haɗa gazuwal da fetur ko kananzir: gazuwal ne ke sa famfon injin santsi, gaurayen na cinye famfo da nozul, fetur kuma na iya kamawa da wuta. Kada a bar injin na aiki a rufaffen shago ko zaure, ko daf da tagar ɗakin da yara ke barci. Hayaƙin salansa guba ne. Wanda ya shaƙa ya ji ciwon kai ko jiri, a fitar da shi sarari, a kai shi asibiti nan take.

Yaushe za a je gareji

In an duba waɗannan duka ba a ga canji ba, ko ruwan lagireto na raguwa, ko injin na wata ƙara da ba a saba ji ba, a tsayar da mota. Famfo, nozul da turbo ba aikin bakin titi ba ne. A gaya wa makanike abin da aka riga aka duba da launin hayaƙin, a ji kuɗin aiki kafin ya kwance komai, a kuma karɓi tsohon kayan da ya cire.

Ba a fafa gora ranar tafiya. Mai niyyar hanyar arewa ya cika tanki tun da yamma, ya ajiye filtar mai ɗaya da ta iska ɗaya a bayan kujera. Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban gidansu wannan darasi. Allah ya kiyaye hanya.